Koyar da gaskiya da haƙuri a garin da ya sha rikici: labarin wani malami a Jos

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos. Kakana ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, mahaifina kuma tela ne, ya daɗe yana ɗinki a gefen kasuwar Taminus kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Ni kuwa alli Allah ya ƙaddara mini. Tun da na fito daga kwalejin ilimi nake koyarwa a sakandare, yawanci darasin zamantakewa da na zama ɗan ƙasa nagari, wanda yara ke kira Sibik.

Wanda bai riski Jos ta da ba, da wuya ya gane abin da muka rasa. A firamarenmu benci ɗaya muke zama da 'ya'yan Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa. Ran Kirsimeti a aiko mana da shinkafa, ran Sallah a tura mu da masa da nama gidajensu. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 wannan zama ya dare. Aka sake a ƙarshen Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka kuma a Janairun 2010. Kowane karo sai mutane su kwashe ya-nasu-ya-nasu su koma inda nasu suka fi yawa, har gari ya rabu biyu: mu a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Titin Bauchi, su a Unguwar Rukuba da Tudun Wada da Kabong da Jenta. Yau ina da ɗalibin da zai gama sakandare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da wanda ba addininsa ba. Irin waɗannan yara ake miƙo mini a ce in koya musu gaskiya da zaman lafiya.

Manhaja dai ta yi nata. Akwai babi a kan faɗin gaskiya, akwai a kan riƙon amana, akwai a kan haƙuri da juna, kuma darasin ya kai har ana rubuta shi a WAEC da NECO. Yaro zai haddace ma'anar gaskiya da amfaninta guda biyar, ya zuba maka su babu gargada. Amma da aka koma makaranta bayan rikicin 2008 na ga abin da ya sa na daina dogaro da hadda. Lokacin tara, ƙananan yara sun ƙirƙiro wasa, sun raba kansu gida biyu, waɗannan na ihu "ga su nan, ga su nan", waɗancan na gudu, ana jifa da tsakuwa. Wasan rikici suke kiransa. A aji kuwa akwai kujerun da masu su ba su dawo ba, wasu iyayensu sun bar gari, wasu kuma sai dai addu'a.

A makarantar da nake a lokacin akwai wata dattijuwar malama 'yar Birom mai koyar da Turanci, ta kusa ritaya. Kowa Mama yake ce mata, har shugaban makaranta. A wurinta na ga yadda ake wannan aiki.

Wata rana labari ya zo mata cewa wani a ajinta na uku yana shigowa da makami. Da wani ne, sai a rufe ƙofa a caje jaka, a fito da yaro gaban asambili a zane shi, a kore shi. Mama ta shiga aji ta ce, "Na ji an shigo mini da ƙarfe. Mai shi ya same ni a ofis kafin a tashi. Na yi alkawari ba za a taɓa jikinsa ba." Ta ci gaba da darasinta.

Ina ofishin malamai ina makin littattafai aka tashi. Kowa ya watse sai ni da ita. Sai ga wani siririn yaro ya tsaya a bakin ƙofa, wandonsa ya ɗage masa, takalminsa duk jar ƙasa. Ya durƙusa ya zaro wani abu daga cikin safa, naɗe a tsohuwar jarida, ya ɗora a tebur hannunsa na rawa. 'Yar wuƙa ce irin ta masu yankan lemu.

Ta ce, "Zauna, ɗana. Ka ci wani abu yau?"

Ya girgiza kai. Ta buɗe kular abincinta ta tura masa, ta bar shi ya ci. Sai da ya gama ta ce, "Wa kake nema da ita?"

Ya ce, "Mama, ba kowa. Hanyar gida nake tsoro."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce yayansa ya fita ranar Asabar ɗin rikici sayo burodi, har yau ba a ga ko gawarsa ba. Ya ce ya yi rantsuwa duk ranar da aka sake farawa sai ya rama.

Ta ce, "A kan wa za ka rama?"

Ya ce, "Irinku, Mama."

Gabana ya faɗi. Ita kuwa ta jinjina kai ta ce, "Na gode da ka gaya mini gaskiya." Ta ba shi labarin gidan ƙanwarta da aka ƙona a rikicin nan dai, da yadda wani maƙwabcinsu mai sayar da hatsi, Musulmi, ya ɓoye 'ya'yan ƙanwar a bayan buhuna har soja suka zo. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta sa wuƙar a durowa ta kulle, ta juyo ta ce da ni, "Malam, unguwarku ɗaya. Raka shi gida, ka gaishe mini da mahaifiyarsa, ka gaya mata komai a hankali."

Na raka shi. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dashe, don ba ta san ɗan da ya rage mata yana yawo da wuƙa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, yaron nan ya faɗi abin da ke cikinsa ne don ya tabbata ba za a dake shi ba, kuma da bai faɗa ba, babu yadda za a yi a raba shi da wuƙar da ke zuciyarsa ko da an ƙwace ta cikin safa. Gaskiya da riƙe hannu daga duka tare suke tafiya. Tun daga nan na kafa doka a duk ajin da aka ba ni: wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗi laifinsa, ba duka. Amma zai gyara abin da ya ɓata. Ka fasa gilashin taga, za ka tara kuɗin tararka ka sayo, ka tsaya a sa shi a gabanka. Ka zagi ɗan'uwanka a gaban aji, a gaban aji za ka ba shi haƙuri. Ka ɗauke biron wani, ka mayar da hannunka kana kallon idonsa. Yara da yawa sun gaya mini da bakinsu cewa bulala shida ta fi musu wannan sauƙi.

Na sha musu da abokan aiki a kan haka, har yau ma ba mu gama ba. Sukan ce, "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da bulala aka rene mu, a allo da boko, ga mu nan mun zama mutane." Ban raina malamaina ba, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai ni na zauna na lura. Malami ya ce wa ya yi kaza, yaro mai gaskiya ya ɗaga hannu, a shimfiɗa shi a benci a zane. Sauran ajin suna kallo, kuma darasin da suka ɗauka a ranar shi ne gobe kowa ya rantse ya ce ba shi ba ne. Darasi na biyu ya fi muni: wanda ya fi ƙarfi in ya yi fushi, duka yake yi. Shi ya sa firifet ke dukan ɗan aji ɗaya, ɗan aji ɗaya ya koma gida ya daki ƙanensa. Nana A'isha ta ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. In ana maganar tarbiyya, wa ya kai shi?

Wannan doka ta fi ɗaure ni a kan yaran. In na ce gobe zan dawo da littattafanku, dole in kwana ina maki ko da fitilar waya ce. In aka yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, in ce sai na bincika, sa'an nan in bincika ɗin. Akwai hadisin matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka wani abu, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. A taron iyaye nakan karanta wannan hadisi, sa'an nan in tambaya: wa a cikinmu bai taɓa ce wa ɗansa "je ka ce ba na nan" ba in mai bin bashi ya yi sallama? Sai ka ga ana sunkuyar da kai. Yaron da aka aika ya yi ƙarya da safe, ni ba ni da abin da zan rubuta masa a allo da rana.

Akwai kuma nau'in ƙaryar da ta fi kashe mu a Jos, wato "an ce". Duk wanda ya ga rikicin garin nan ya san yadda yake tashi. An ce an kashe wani a Farin Gada. An ce an ƙona masallaci, an ce an ƙona coci, an ce ga motoci can an ciko da mutane. A rikicin Janairun 2010 saƙonnin waya sun yi ta yawo, kowane ɓangare ana gaya masa ɗayan na shirin far masa cikin dare. Saboda haka na raba allona gida biyu. A dama na rubuta "Na gani da idona", a hagu "An ce". Kowace Litinin yara su kawo labaran unguwa, mu zauna mu tantance inda kowanne zai shiga. Wa ya gaya maka? Shi wa ya gaya masa? Yana wurin? Sau da yawa labarin da aka shigo da shi da zafi, kafin mu bi shi baki uku ya koma "wani mai acaɓa ne ya faɗa". Na haɗa musu da aya ta shida a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A ganina babu ayar da ɗan Jos ya fi bukatar ya haddace kamar wannan.

Wata rana wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji gudu a titi, 'yan kasuwa na jan ƙofofin shaguna, iyaye mata sun cika bakin get wasu ko mayafi babu. Wani ɗalibi da aka aika ya faɗo aji yana haki ya ce, "Malam, an fara!" Aji ya hautsine, wasu har sun hau taga. Kafin in buɗe baki wata yarinya a layin gaba ta miƙe ta ce masa, "Ka gani, ko an ce?" Ya tsaya cak. Ya ce, "Wallahi gudu kawai na ga ana yi." Muka zauna muka jira. Ashe tayar babbar mota ce ta fashe a mahaɗa. Ranar na koma gida da farin cikin da albashi bai taɓa ba ni ba.

Yanzu aikin ya ƙara wuya, don "an ce" ta samu hoto. Yaro zai nuna maka bidiyo a WhatsApp ya ce ai ya gani da idonsa, alhali abin ya faru ne a wata ƙasa shekaru da suka wuce. Sai mu tsaya mu duba lambar mota, da rubutun jikin shaguna, da harshen da ake yi, da irin kakin 'yan sandan. Na ƙara gida na uku a allo: "An turo mini".

Inda na fi shan wahala shi ne jarrabawa. Na taɓa koyarwa a wata makarantar kuɗi inda ake karɓar wani abu a hannun iyaye da sunan taimakon yara ran jarrabawar fita. Ranar takardata aka ce in shiga in rubuta amsa a allo. Na ce ni da na shekara uku ina gaya wa yaran nan wanda ya yi algus ba ya cikinmu, da wane ido zan kalle su? Ƙarshen zangon aka ce an gode da aikina. Na yi watanni ina koyar da yara a gidaje kafin Allah ya buɗa wata ƙofar, kuma maiɗakina ta yi haƙurin da ba zan manta ba. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, amma abin da ya fi ci mini rai, uba ne da carbi a hannu zai same ka ya ce, "Malam, a taimaka wa yaron nan mana, kowa haka yake yi." Wata ɗalibata ta ƙi karɓar takardar amsa da aka miƙo mata, ta faɗi lissafi, ƙawayenta da suka kwafa suka wuce jami'a suka bar ta. Ta zo tana kuka ta ce, "Malam, ga inda gaskiyar ta kai ni." Ban ce mata ba komai ba, don da komai. Na ce ta yi asarar shekara, kuma zafin da take ji daidai ne. Muka zauna da malamin lissafi muka tsara mata darasin yamma, ta sake zama ta ci da guminta. Yau ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni hankalina a kwance yake in ita ce za ta auna wa ɗana magani.

Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa kusan duk shekara sai wani ya yi ta: "Malam, wanda aka kashe masa uba kuma ba a hukunta kowa ba, shi ma haƙuri zai yi?" Ba na kauce mata. Nakan gaya musu gaskiya cewa mu manya mun gaza. An kafa kwamitin bincike na Mai shari'a Niki Tobi bayan 2001, an kafa na Bola Ajibola bayan 2008, an rubuta rahotanni, amma mutane da yawa a kowane ɓangare har yau suna ganin waɗanda suka kashe nasu suna yawo a gari. Neman haƙƙi wajibi ne, kuma kare kai in an auka maka halal ne. Abin da nake hana su shi ne tare hanya a kama matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, a kashe shi don sunansa. Mun ga haka a Titin Rukuba ranar 14 ga Agusta 2021, inda aka kashe matafiya fiye da ashirin da ke dawowa daga zikiri a Bauchi, mun kuma ga kisan da ya biyo baya a Yelwan Zangam kwanaki kaɗan bayan nan. Wanne ne a ciki ya dawo da mamaci ko ɗaya?

Yara maza musamman suna tsoron a ce musu matsorata. Shi ya sa nake ba su labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. A watan Yunin 2018, yana da shekara 83, mutane suka gudo daga harin 'yan bindiga, akasarinsu Kiristoci. Ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262, ya fito ya tsaya gaban masu bindiga hannu wofi yana roƙonsu, ya ƙi ba da ko mutum ɗaya. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Nakan tambayi aji: tsakanin tsohon nan da masu bindigar, wa ya fi jarumta? Sa'an nan in kawo hadisin da ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ba daga wata ƙasa aka kawo mana wannan misali ba, a Filato ya faru, kuma yara suna jin sa a jikinsu.

Mun kuma ƙulla zumunci da wata makaranta a ɗaya ɓangaren gari. Mukan haɗu a buga ƙwallo, amma ba makaranta da makaranta ba, gauraya su muke yi, kowace ƙungiya rabi namu rabi nasu. Karon farko wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa. Ban ga laifinsu ba.

Yaron nan mai wuƙa yanzu bakanike ne, yana da garejinsa da yaransa. Lokacin dokar hana fita ta 2021 mutanen unguwa suka gaya mini yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin layi suna mayar da samari gida, har ya shigar da wani mai Keke Napep da ya maƙale cikin garejinsa ya kwana. Ba ni na shirya shi ba, Allah ne, sai Mama, sai uwarsa.

Ba duka aka samu ba. Akwai wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya fi kowa iya tantance labarai a allon Litinin. A dogon hutu ya faɗa hannun 'yan sara-suka, ya fara da maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018, ya koma ƙwaya. An sare shi a faɗan daba tsakanin unguwa da unguwa, duka ɓangarorin Musulmi, duka 'ya'yanmu. Ina cikin sahun da ya sallace shi. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Bayan rasuwarsa muka zauna da wasu malamai da masu unguwa muka ga cewa hutu ne ke cinye mana yara, watanni biyu ba makaranta ba sana'a. Yanzu kafin a ba da hutun ƙarshen shekara mukan bi masu sayar da kayan mota a Dilimi da 'yan katako da teloli da masu gyaran waya, mu roƙi kowa ya karɓi yaro ɗaya ko biyu, da sharaɗin ba duka, kuma duk Juma'a malami zai leƙa ya ji yadda ake ciki. Masu sana'a da dama sun amsa, wasu ma tsofaffin ɗalibanmu ne. Wajen 'yan mata ne har yanzu muke da ƙarancin wurare, don iyaye sun fi yarda da gidan da suka san matar da ke ciki, kuma a kan wannan muke ta bin gidajen masu ɗinki da saƙa da girke-girke a wannan zangon.